Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: jagorar jinyar sankarar mama tare da waɗanda suka riga ki shiga

Ranar da aka ba ni sakamakon gwaji, ban riƙe komai ba cikin abin da likita ya faɗa bayan kalmar "daji". Bakinsa na motsi, ni kuwa ina lissafin shekarun autata. Da na fito na zauna a benci, sai wata mata da ta ja ɗankwali har kan gira ta dubi ambulan ɗin da ke hannuna ta ce, "Yau aka faɗa miki ko?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "To ki sha kukanki yau. Gobe ki sayi littafin rubutu da ma'aunin zafin jiki. Ga lambata." A lokacin ita tana zagaye na biyar na kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗaurawa ta jijiya.

Likita zai tsara miki magani, kuma shi kaɗai ke da wannan hurumi. Amma yana da layin mutane a ƙofa, ba shi da lokacin faɗa miki yadda ake kwanciya da robar fitar da ruwa a hammata, ko abin da za ki ce wa surukarki. Wannan aikin wadda ta riga ki shiga ne. Kuma ba ke kaɗai ba ce: ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mata 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a wannan shekarar, ita ce kan gaba a ire-iren daji a ƙasar.

Makon farko: littafi, da kunne na biyu

Kada ki ƙara shiga ɗakin likita ke kaɗai. Ki tafi da wanda zai saurara ya rubuta, miji ne, ƙanwa ce, ko 'yarki babba. A shafin farko na littafin ki sa a rubuta miki amsar waɗannan: ciwon yana mataki na nawa, daga 1 zuwa 4? Ya taɓa kaluluwar hammata? Gwajin naman da aka ɗiba ya nuna ER ko PR? HER2 fa? Wanne za a fara, kimo ko tiyata?

Haruffan nan alamomi ne da gwaji ke nema a jikin ƙwayoyin ciwon, kuma su ne ke raba hanyar magani. Wadda nata ya nuna ER ko PR, da sinadarin jikin mace ciwon yake girma, don haka za ta sha ƙwayar da ke toshe masa wannan hanya shekara da shekaru. Mai HER2 tana da allurarta ta musamman, Trastuzumab, da ake yi kusan shekara guda ana duba lafiyar zuciya. Wadda babu ko ɗaya cikin ukun, kimo ne babban makaminta. Idan kin gane wannan tun farko, ba za ki tayar da hankali ba don kin ga an ba maƙwabciyarki a benci abin da ba a ba ki ba.

A makon nan ne kuma masu dubiya za su fara kawo miki maganar da kowa ya sani: "Daji ba ya son ƙarfe." Goggo za ta faɗa, maƙwabciya za ta rantse da wata da aka yi wa aiki ta rasu. Abin da ba za su faɗa ba shi ne wata nawa ta yi ana shafe-shafe da sakiya kafin a kai ta asibiti, ciwon ya riga ya fashe ya bazu. Allurar ɗibar nama ba ta watsa ciwo. Jinkiri ne ke ba shi fili. Ki yi addu'a, a yi miki a masallaci ko a coci, babu likitan da zai hana. Amma duk wani jiƙo ko garin magani da za ki kai ciki, ki nuna masa tukuna, domin hanta da ƙoda ɗin da za su tace kimo su ne za su tace shi. Ni abin da ya kashe bakin dangina ba hujja ba ce. Matar bencin nan ce ta zo gidanmu da ƙafarta, ta ci tuwo, ta ce, "Ga ni, an sa mini ƙarfen."

Wa za ki jingina da ita

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1952 wata mata mai suna Terese Lasser, bayan an cire mata mama a birnin Niyok na Amurka, ta rasa wanda zai amsa mata tambayoyinta, sai ta fara ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta a gadon asibiti. Daga nan shirin Reach to Recovery ya samo asali, kuma a 1969 ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka ta karɓe shi. A Najeriya, Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa BRECAN, ƙungiyar yaƙi da sankarar mama, a Ibadan a 1997 bayan nata ciwon. Akwai Project PINK BLUE a Abuja mai yi wa marasa lafiya jagora, akwai gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu.

Sai dai gaskiya, mafi yawanmu a benci muka sami namu. Ki tambayi nas ɗin ɗakin kimo, su suka san wadda ta gama lafiya kuma take da haƙurin amsa waya. Ki leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Idan akwai zauren WhatsApp, ki nemi a saka ki.

Ba kowace mai tabo ce ta dace ba. Ki nemi wadda ta wuce ki da wata shida ko shekara, wadda ba ta manta ba amma ta daina kuka da labarin, kuma halinku ya yi kusa: mai goyo ta fi gane mai goyo, wadda ba ta yi aure ba tana da tambayoyin da uwar jikoki ba za ta iya amsawa ba. Alamar tagari ita ce yawan cewa, "Ni haka ya yi mini, amma tambayi likitanki." Ki guji wadda ke sayar da wani abu, ki guji wadda kullum labarinta wance ta mutu. A zaure kuma, ƙa'ida uku sun isa: ba a ba wa juna ragowar magani, ba a tura hoton jikin kowa ko sunanta waje, ba a tallar maganin "warkewa cikin kwana bakwai". Idan zauren ya fara hana ki barci, ki rufe shi na mako guda. Ba laifi ba ne.

Kuɗi

Ki nemi a rubuta miki jimillar tsarin gaba ɗaya, ba kuɗin zagaye ɗaya ba. Babbar asara ita ce a sayar da gona a yi kimo uku, kuɗi ya ƙare, a koma gida wata huɗu. Akwai asusun tallafin masu cutar daji na gwamnatin tarayya da ya shafi sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, kuma asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Gombe, da babban asibitin ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Ki tambaya a ofishin jin daɗin marasa lafiya, ki kuma duba abin da inshorarki ke ɗauka idan kina da ita. A nan 'yan zaure suke da rana: su suka san takardar da ake nema, da inda magani ke da sauƙi kuma ingantacce. Ki ba mutum ɗaya amintacce riƙon gudummawar dangi, a rubuta shiga da fita, ke ki ji da jikinki.

Kimo

Galibi ana yin sa duk mako uku, zagaye shida zuwa takwas, kuma kafin kowanne sai an gwada jini. Ki je kin ci abinci mara nauyi, da ruwan sha da abin rufa. Idan aka ɗaura miki jan nan, Doxorubicin, fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu; ba jini ba ne. Amma idan kika ji zafi ko raɗaɗi a inda allurar take, ki kira nas nan take, kada ki yi kara, domin idan ya zuba a wajen jijiya yana cin nama.

Maganin tashin zuciya a sha shi a kan lokacin da aka rubuta, ba sai amai ya zo ba. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, koko, faten dankali, ƙwai dafaffe sosai, wake, kifi. Shayin citta yana taimaka wa wasu. Idan baki ya yi ɗaci ko ƙarfe-ƙarfe, ɗan lemon tsami a ruwa kan gyara, in dai babu gyambo. Ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, buroshi mai laushi. Ruwa a tafasa. Nonon talla da ba a tafasa ba, da kwaɗon titi, da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, ki yi musu sallama har ki gama.

Ga dalilin ma'aunin zafin nan. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna sauka ƙasa sosai. Zazzaɓin da a da za ki sha farasitamol ki kwanta, yanzu yana iya kisa cikin sa'o'i. Idan kin ji sanyi ko makyarkyata, ki auna kafin ki sha komai. Ya kai 38, ki tafi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne, ki faɗa musu tun daga ƙofa cewa kina kan kimo. Kada ki ce ai maleriya ce ki aika kemis. Ni na taɓa yin wannan ganganci a zagaye na biyu; abokiyar tawa ce ta ji muryata a waya ta kira maigidana da kanta ta ce, "Malam, ɗauke ta yanzu." Kwana biyar na yi a gado. Ki kwana cikin gidan sauro, kuma masu mura su yi miki dubiya ta waya.

Suma tana fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko. Kada ki bari ta riske ki da kitso, ganin kalaba ta biyo hannu ya fi aski ciwo. Ki tsefe, ki rage ta da kanki. Mu dai Allah ya rufa mana asiri da ɗankwali da hijabi. Ki sa hular auduga a ciki don kada ya zame. Gira ma kan tafi. Farce, tafin hannu, har harshe kan yi baƙi a masu irin fatarmu, kuma yana washewa. Sumar tana dawowa 'yan watanni bayan gamawa, wani lokaci da laushin da ba ki san ta da shi ba. Idan an koma kan Paclitaxel kika ji yatsu na mutuwa ko tsikari, ki faɗa kafin zagaye na gaba don a duba adadin maganin.

Abu biyu da kunya ke hana tambaya. Ba a shayarwa a kan kimo, kuma ba a son ciki ya shiga, ko da al'ada ta ɗauke, don haka ki nemi hanyar tazarar haihuwa wadda ba ta ƙwaya ko allurar sinadari ba. Idan kina son haihuwa nan gaba, ki faɗa kafin a fara, ba bayan an gama ba. Azumi kuwa, mara lafiya yana da rangwame a nassin Alƙur'ani. Ki haɗa maganar likita da ta malami, kada ki bar ƙoda ba ruwa.

Tiyata, da hannun da ke gefen

Ko ƙullutun kaɗai za a cire, ko maman gaba ɗaya, girman ciwon da wurinsa ne ke yanke hukunci, kuma wadda aka cire wa ƙullutu kaɗai kusan dole ta bi da gashin na'ura, wato haska wurin da inji don kashe ragowar ƙwayoyin ciwon. Ki tafi asibiti da riga mai buɗewa ta gaba da ƙaramin matashi na tokare hammata. Za ki farka da siririyar roba mai fitar da ruwa, takan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ki ɗinka ƙaramar jaka mai igiya ki rataya ta a ciki, kuma ki rubuta yawan ruwan kullum. Bayan an cire ta ruwa kan taru a ƙarƙashin fata. A asibiti ake zuƙe shi, ba a gida ba.

Ranar buɗe bandeji, ki zaɓi wadda za ta tsaya kusa da ke. Ni abokiyata ta nuna mini nata tabon tun kafin a yi mini aiki, a bayan labule, ba tare da wani dogon bayani ba. Layi ne guda a kwance, ya dushe. Abin da na ƙiyasta a raina ya fi shi muni sau goma.

Motsa hannu ana fara shi da wuri, yadda aka koya miki: da farko kafaɗa da gwiwar hannu, ba a wuce tsayin kafaɗa, daga baya ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu, kina sa alama da alli. Kada ki yi wasa da wannan, domin a ɗakin gashin na'ura sai hannu ya kai saman kai. Daka, jan guga da ɗaukar yaro mai nauyi su jira mako huɗu zuwa shida, sannan a dawo da su sannu. Salla a zaune ta halatta, hukuncin wanka da bandeji kuma malamai sun yi bayaninsa.

Idan an kwashe kaluluwar hammata, hannun nan yana iya kumbura ko bayan shekaru. Ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna, ki shafa mai, ki cire zobe da awarwaro masu matsewa, allura da awon jini kuma a ɗaya hannun idan da hali. Kin ji nauyi ko hannun riga ya fara kama ki, ki nemi likitan gashin ƙashi da wuri. Ya yi ja da zafi, asibiti a ranar.

A sake gina maman, ko a bar shi

Nan ne na fi ganin mata suna matsa wa juna, kuma ban yarda da hakan ba. Hanya uku ce, babu wadda ta fi wata daraja.

Ta farko, maman wucin gadi na sakawa a rigar mama. A makonnin farko mai laushi na auduga. Bayan mako shida zuwa takwas, idan ciwo ya warke, na silikon mai nauyi. Nauyin yana da amfani, musamman ga mai cikar ƙirji, don kada kafaɗa ta karkace. Wadda ba ta da kuɗinsa, 'yan zaurenmu sun koya mata ɗinka 'yar jaka a cika da auduga da ɗan gero. Ki kai wa tela mace rigunan mamanki ta yi musu aljihu daga ciki. Wadda nata ya taɓa zamewa a sujada ita ta koya mana wannan.

Ta biyu, tiyatar sake ginawa, ko a rana ɗaya da cirewa, ko bayan watanni har shekaru. Ana yi da jakar silikon, wani lokaci sai an fara sa wata jakar da ake cika ta da ruwa kaɗan-kaɗan don fata ta buɗe. Ko kuma a ɗauko tsoka da fata daga bayanki, ko fata da kitse daga mararki. Na silikon aikinsa ya fi gajarta, amma ba na har abada ba ne, ana iya buƙatar canji, kuma gashin na'ura kan sa naman da ke kewaye da shi ya taurare. Na naman jiki ya fi kama da na asali kuma ya fi jure gashi, amma aikin dogo ne, tabo biyu, jinya mai tsawo. Shi ya sa wadda za a yi wa gashi ake yawan ba ta shawarar jira. Sake ginawa ba ya jawo ciwon ya dawo. Sai dai ki sani, siffa ake mayarwa: ba zai ji taɓi kamar da ba, ba zai kawo nono ba, kuma da wuya a gama a aiki ɗaya. Masu wannan aiki ba su da yawa a ƙasashenmu, galibi sai manyan asibitocin koyarwa, don haka ki tayar da maganar tun kafin ranar cirewa. Ki tambayi likitan sau nawa ya yi irinsa, nawa ne kuɗin dukkan matakan, kuma ko akwai wadda ya yi wa da za ta yarda ku yi magana. Ita za ki tambaya abin da ba a tambayar likita: yaya yake a kwance, yaya yake da sanyi, da za a koma baya za ki sake?

Mai tunanin ko canza halitta ne, malamai da dama sun bambanta ƙawa da gyaran abin da lalura ta ɓata, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya.

Ta uku, a bar ƙirjin a shafe. Idan ita kika zaɓa, ki roƙi likita ya daidaita ɗinkin kada ya bar tarin fata a gefe. Wadda za ta yi don kanta ta yi. Wadda za ta yi don kada a yi mata kishiya, ta ƙara tunani, domin wuƙar a jikinta za ta sauka.

Gashin na'ura

Litinin zuwa Juma'a ne, mako uku zuwa biyar, 'yan mintoci kullum, kuma ba a jin komai a lokacin. Wahalarsa nisa ce. Injinan kaɗan ne, a wurare irin su Zariya, Sakkwato da Abuja, a Nijar kuma cibiyar Yamai da ta fara a 2021, kuma inji kan tsaya. Kafin ki biya kuɗin mota ki tabbatar yana aiki, ki tambayi 'yan zaure inda ake samun masauki. Mu huɗu muka haɗa kuɗin ɗaki. Kada ki goge alamar da aka zana miki, kada ki dirje wurin, ba turare, ba ruwan zafi, sai man da suka amince. Kina iya rungumar 'ya'yanki, babu abin da ke biyo ki gida.

Mutanen gida

Ki kai maigida ya ji daga bakin likita cewa ba a ɗaukar ciwon nan ta kwano ko ta shimfiɗa. Idan akwai mijin wata 'yar zaure mai hankali, a haɗa su. Maza sun fi jin maganar junansu. Yara a faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu kafin su tsinta a bakin maƙwabta. 'Yan'uwanki mata da 'ya'yanki su san tarihin, su riƙa duba kansu, musamman idan ciwon ya same ki da ƙuruciya ko ya taɓa kama wata a dangi.

Bayan an ce kin gama

Abin mamaki, a nan da yawa muke rushewa. Masu dubiya sun watse, kowa na cewa barka, ke kuwa ko kai ya sara sai gabanki ya faɗi. Ki faɗa a zaure, za ki ji "ni ma" ta ko'ina. Idan rashin barci da ƙuncin sun wuce makonni, ko kin daina jin daɗin komai, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi ƙarfin hira.

Mai shan Tamoxifen, ƙwayar nan ta masu ER, shekara 5 ne zuwa 10, kada ki ajiye don kin ji garau. Zufa da zafin jiki na zuwa da shi. Jinin da ba na al'ada ba, ko kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko numfashi ya ɗauke, a je asibiti. Ki riƙe ranakun komawa, duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, da hoton mama sau ɗaya a shekara. Sabon ƙullutu a tabo, hammata ko wuya, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tarin da ya daɗe, ciwon kai mai naci, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Wata rana za a sanar da rasuwar wata a zaure. Ki yi ta'aziyya, ki yi kuka, sannan ki buɗe shafin farko na littafinki ki tuna matakinta da nau'in nata ba lallai su ne naki ba.

Idan shekara ta zagayo nas ta kira ki ta ce ga wata sabuwa, ki fara tambayar kanki ko za ki iya jin labarin ba tare da kin kwana kina juyi ba. Idan za ki iya, ki je da tsafta da kwalliyarki, ki zauna, ki bar ta ta fara magana. Kada ki zazzage mata komai a zama ɗaya, na makon da take ciki ya ishe ta. Ki nuna tabo sai in ta nema. Ki ba ta lambarki tare da lokacin da kike ɗaukar waya, kuma kafin ki tashi ki tambaye ta ko tana da ma'aunin zafin jiki a gida.